Duwatsun Gonar Kawu

Ni ce na saka gonar Kawu a intanet. Ba wanda ya tilasta mini, da hannuna na yi, har ina jin kaina.

Shekara uku ke nan. Ina aikin zana taswirar duwatsun ƙarƙashin ƙasa, ina neman samfurin gwaji, Kawu ya ce in zo gonarsa in ɗiba son raina. Shi ya riƙe mini buhu, yana tsokanata wai an kai ni jami'a na dawo ina tsintar tsakuwa. Gwaji ya nuna wata jijiyar ma'adini mai tsada ta ratsa gonar. Na zuba sakamakon a rumbun bayanan da kowa ke saukewa kyauta, kamar yadda muka saba. Abokan aikina kan rage lambobin da ke nuna wuri, don kada a gane ainihin filin. Ni kuwa uwar iyayi, na cika su tsaf, duk wanda ya bi su sai ya tsaya a gindin mangwaron Kawu.

Ranar Talatar da ta wuce ya kira ni. Masu haƙa sun cika gonar, kowa da wayarsa da digarsa. An kai ƙara, an kore su, sun dawo ninki biyu. Rijiyar ma ta koma taɓo.

Na faɗa ofishin mai kula da rumbun ko sallama babu.

"Don Allah cire bayanan nan yanzu."

Ya juyo mini da kwamfutarsa. An sauke su sau dubu huɗu da wani abu. Wani ma ya gina hoton cikin ƙasar da su, ya shafa wa jijiyar jan launi, yana juyawa gwanin sha'awa.

"Namu zan goge, minti ɗaya ne," in ji shi. "Na hannun mutane fa?"

Tsoro da kunya suka rufe ni, na juya na fita.

Washegari na je gonar. Ramuka ne ko'ina, dawar da ta kusa nuna tana kwance ƙarƙashin jar ƙasa. Mangwaron ya karkace, saiwoyinsa a waje. Kawu na zaune a kan wani tsohon bokiti, ya rame cikin kwanakin nan.

"'Yata, gara da kika zo," ya ce. "Ke ce mai ilimin ƙasa a gidanmu. Sun ce a waya suka gani. Duba mini, wane mara tsoron Allah ne ya nuna musu?"

Na ciro wayata, na buɗe shafin rumbun. Sunana na nan a layin farko. Idon Kawu ya daɗe da daina ganin ƙananan rubutu.

Ya ga na ƙura wa wayar ido, ya zaci hasken rana ne ya hana ni karantawa. Sai ya cire hularsa ya kare mini wayar.

"Yauwa," ya ce, "yanzu duba da kyau."