Daddawar da Sujata ta zubar

Na zo Doha wankan jegon Kausar, matar ɗana Ja'afar, da ƙullin daddawar da na yi da hannuna. Sujata, 'yar Indiyar da ke mana shara, ta shinshina ta ɗauka ruɓewa ta yi, ta jefa a bola. Da na tsare ta, wai "sori".

Na ce wa Ja'afar, "Ban karɓa ba. Garin nan a taka ka a ce sori, a yi maka rasuwa ma sori. Da me zan kaɗa wa mai jego miya? Ta faɗa da yaren uwarta in ji."

"Inna, ki yi haƙuri mana."

"Kai ka zubar?"

Ya yi wa Sujata bayani. Ta haɗa tafukanta, ta ce, "Kshamincandi." Ta ce masa da yarensu na Telugu, ki yafe min ke nan, irin yadda ake faɗa wa manya. Ni dai ban huce ba.

Washegari ta kawo min 'yar kwalba saura rabi, guzurin da uwarta ta haɗo ta da shi. Na ɗanɗana. Wallahi yakuwa ce, da barkono da mai! Na ɗebi kaɗan na zuba a miya, na mayar mata da sauran.

Na ce, "Ɓoye a jaka, 'yar nan, kar wata ta zubar miki."