Ƙarfen Bakin Anti Tela

Sai da Anti Tela ta haura arba'in sannan ta sa ƙarfen gyaran haƙora. Tun tana yarinya haƙoranta na sama suka turo gaba, kuma kunyar abin ba ta taɓa sakinta ba. Ko mijinta, wanda kafinta ne, bai taɓa ganin cikin bakinta sosai ba. Da aka sa mata ƙarfen, lallaɓa shi take kamar jariri. Ko loma ɗaya ta ci, sai ta bi kowane lungu da ɗan siririn buroshi.

Ana nan, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita a kan keken ɗinki. Ta tashi, magana ta dawo, ƙafa ta dawo, hannun dama ya ƙi.

Ta koma goge baki da hagu. Buroshin ya zame, ya soki dasashi, ya faɗi ƙasa. Wani farin datti mai danƙo ya taru a ƙarƙashin wayar ƙarfen, dasashin ya kumbura, yana jini. Ita kanta tana jin warin.

Likitan haƙori ya duba, ya girgiza kai. "Anti, wannan dattin cin haƙori yake yi. In kika dawo a haka, dole in cire ƙarfen."

"Likita, ka yi wa Allah! Saura ƙiris su daidaita."

"To, a samu mai goge miki."

Yaran duk sun yi nisa da gida. Maigida kuwa, ta rantse ba zai leƙa wannan ƙazanta ba. Ta ɗaura buroshi a shanyayyen hannun da tsumma, ya kwance. Ta ƙulla zaren sakace a jikin famfo tana ja da hagu, ya tsinke. Ta kurkure da ruwan gishiri har harshenta ya ɗaye. Dattin yana nan daram.

Wata rana da azahar ta kulle kanta a banɗaki, tana dirzar baki tana kuka, jini yana ɗiga a rigarta. Maigidan ya ƙwanƙwasa, ta ƙi buɗewa. Ya ɗauko kayan aikinsa ya kwance ƙofar ɗungurungum.

"Maman yara, kashe kanki za ki yi?"

"Za su cire," ta ce. "Hannun ya tafi, ɗinkin ya tafi. Wannan kaɗai ya rage mini."

Ya durƙusa, ya karɓi buroshin. "Buɗe."

Ta runtse ido, ta buɗe. Yatsunsa manya ne, sau biyu yana fama mata ciwo. Ya sa tabarau, ya bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, yana cewa ai ya goge kujerun da suka fi wannan saƙo-saƙo. Haka suka riƙa yi bayan kowane cin abinci.

Ranar komawa asibiti, likita ya shafa mata wani jan ruwa mai nuna inda datti ya maƙale. Gaban ya fita fes, can ciki ya yi ja. Ya ce haƙora biyu sun riga sun yi farin tabo, na ƙurya kuma ya yi rami, sai an cike.

"Ƙarfen fa?" ta tambaya.

"Zan bar shi zuwa wata mai zuwa, mu gani."

Maigidan ya matso da kujerarsa. "Likita, nuna mini yadda ake kai wa na ƙuryar nan."