Ɗanyun Tukwanen Iya Mairama

"Ba za a sake hura wutar nan a bayan gidana ba," in ji Datti, yana goge babur ɗinsa. "Abokaina dillalan tumatir su zo su tarar da mu cikin hayaƙi da yumɓu?"

Zuliha maƙwabciyarsu ta jiyo shi ta kan katanga, ta taɓe baki. Wai gidansa! Yaron da ya girma yana suɗe kaskon da uwarsa ta gina, yau shi ne mai toshe hanci.

Tukwane shida ne jere a rumfa. Iya Mairama, uwar Datti, ta tattaka yumɓun da ƙafarta, ta buga shi a bayan tsohuwar tukunya, ta goge da 'ya'yan kuka, tana tari tana hutawa. Gashi kaɗai ya rage. Shekara arba'in tukwanenta ake fasawa a jera a kan mamatan garin kafin a tura ƙasa. Waɗannan shidan na kabarinta ne.

"Zuliha, ki roƙar min shi," ta ce daga kan tabarma. "Ɓuntun shinkafa da kara kawai. Ɗanye ba ya riƙe ƙasa."

Zuliha ta haɗiye haushinta ta roƙa. Datti ya ce sai ya dawo daga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Ya dawo, ya koma, ya sake dawowa.

Ranar Talata da hantsi tsohuwa ta cika. Datti ya yi kukansa da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya sa aka loda tukwanen a baro. Ba a jima ba sai ga baron ya dawo, Baballe mai haƙar kabari yana biye.

"Kai ɗan maginiya ne kuwa? Ɗanyu ne! A ƙasar nan da ruwan kanal na noman rani ya jiƙa? Kafin Juma'a sun narke a kanta."

Datti ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya kasa kunne, sai ka ce ya san abin da yake saurare.

"To... ba a sa roba?"

Ko kallonsa ba a yi ba. Gawa tana zaure tana jira.

Zuliha ta shiga gida, ta juye ruwan randarta a bokitai. Iya Mairama ce ta gina mata ita a haihuwar fari. Ta mirgino ta bakin ƙofa, ta haɗa da tuluna biyu.

"Malam Baballe, ku tafi da waɗannan. Sun sha wuta."

Da aka ɗauki makara ta koma ciki. Shatin gindin randar yana nan a ƙasa da lemarsa, moɗa tana rataye a ƙusa daidai samansa.