Babban Yatsan Baba

Sau bakwai Baba yana dangwala babban yatsansa a kan na'urar, sau bakwai tana kawo jar wuta. Ma'aikaciyar da ke rabon tallafin ambaliya ta juya tafin hannunsa ta duba, ta ce zanen yatsan ya shafe, fartanya ta cinye shi. Sunansa na cikin takarda, kowa kuma ya ga yadda ruwa ya share masa gona, amma in na'ura ba ta shaida shi ba, ko sisi ba zai samu ba. Ta ce ya huta da aiki mako uku ya dawo. Abin takaici, mai shagon yadi da ke bayanmu a layi, wanda bai san inda ake kama ƙotar fartanya ba, dangwalawa ɗaya ya yi ta kawo kore.

Da tallafin nan za mu sayi iri mu yi noman rani. In ya wuce mu, sai dai a sayar da gonar.

*

Mama ce ta karɓi ragamar gidan. Ta kulle kayan aikinsa a ɗakinta, safe da yamma tana shafa wa yatsan mai tana naɗe shi da tsumma. Ni da ƙanwata muka koma gyaran gona tare da Kawu, Baba kuwa yana kan tabarma, ko buta ba a barinsa ya ɗauka. Mama ta raɗa masa suna Manaja. In ta kawo abinci sai ta durƙusa har ƙasa, ta tambayi ko ranka ya daɗe yana da wani umarni, shi kuma ya haɗe rai, dariya na cin sa.

Rannan ta kama shi a bayan gida yana cire ciyawa a ɓoye. Wai da hagu yake yi. Ta koro shi har tsakar gida tana faɗa, mu kuwa har da hawaye don dariya.

Wallahi ban taɓa jin daɗin gidanmu kamar kwanakin nan ba. Tunda na yi wayo Baba a gona yake wuni, ya dawo a gajiye. Sai ga shi yana ba mu labarin ƙuruciyarsa, har da yadda ya faɗa kwata ranar da ya fara zuwa wajen Mama.

*

Da muka koma, ya kwance tsumman a hankali ya ɗora yatsan. Na'urar ta yi jim, sannan ta kawo kore. Mama ta rungume ni a gaban mutane, Baba ya yi ta hamdala bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ma'aikaciyar ma ta taya mu murna. Tana miƙa masa takarda ta ce, "Wannan rabi ne, Baba. Sauran sai bayan wata huɗu, kuma da wannan yatsan. Ka kula da shi."

Muka sayi iri a ranar, muka dawo gida muna raha.

Washegari da sassafe na kai masa ruwa gona. Na tarar da shi a kunyar farko, ya riƙe ƙota da yatsu huɗu, babban yatsan a naɗe yana tsaye sama. Sara biyu, fartanyar ta suɓuce ta faɗi. Ya daɗe yana kallon faɗin gonar, sannan ya sunkuya ya sake ɗauka da yatsu huɗu.