Wai Gidanmu Yana Juyawa

Daga hawa na uku maganar ta sauko: wai gidanmu yana juyawa. Matar tela ce ta gano, ita da ko shekara ba ta yi da tarewa ba. Da ta zo, in ji ta, hasken safe a kan gadonta yake sauka, yanzu kuwa sai a jikin kabad. Tunda rana ba ta ƙaura, to ginin ne ya murɗe. Nan da nan mai gyaran rediyo na ƙasa ya fara jin bango yana nishi. Wata kuma ta rantse ƙofarta ta daina rufuwa, ƙofar da tun ranar da aka kafa ta sai an tokare ta da ƙafa.

Dariya nake ta yi, har maganar ta kai kunnen babban ɗana, ya bugo mini waya.

"Mama, ki haɗa kaya. Ƙarshen wata mai zuwa zan zo da mota. Mun gyara miki ɗaki."

Na san ɗakin. Yana manne da janareta, tagarsa tana kallon katangar maƙwabci.

"Kai da ka yi jami'a, ka yarda bene yana juyi kamar fanka?"

"Kowa ya faɗa, Mama."

"Kowa ya taɓa cewa za ka yi tsawo."

Bai yi dariya ba, ya kashe waya. Na san da gaske yake, ni kuwa ban shirya barin ɗakin da na tsufa a cikinsa saboda gadon matar tela ba.

Na ɗaura makulli a zare na rataya a bakin ƙofa, ya sauka daidai da bango. Na zuba ruwa a faranti na ajiye a ƙasa, bai gangara ko'ina ba. Sannan na ɗauki alli. Kullum da fitowar rana nake hawa matakala da gwiwoyina masu ƙara, in ja layi inda hasken tagar matakalar ya tsaya a bango.

Da farko layukan suka yi ta matsawa gefe guda. Matar tela ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu.

"Inna, kin gani ko? Da hannunki kike tabbatar da maganata."

"Na gode, 'yata. Ki ci gaba da gadi, kada ya gudu da mu."

A hankali tazarar ta ragu, layi ya hau kan layi. Hasken ya yi kwanaki a wuri ɗaya kamar baƙon da ya manta abin da ya kawo shi. Daga nan ya fara komawa inda ya fito.

Ranar da ɗana ya zo da mota da kwalaye, na ja shi matakala. Maƙwabta suka biyo mu, don ba a barinsu a baya wajen kallo.

"Ga tafiyar hasken, ga inda ya tsaya, ga dawowarsa. Ko dai ginin ya yi nadama ne ya juyo?"

"To, mai yiwuwa ƙasa ce ta sake zama," in ji mai rediyo.

"Kai da ka shekara ashirin a nan, ka taɓa ɗaga kai ka dubi tagar nan da safe?"

Ya ce shi sammako yake yi.

Ɗana ya daɗe yana bin layukan da yatsa. Can ya leƙa ƙasa ya ce wa direba ya mayar da kwalayen.

"To me ke motsi, Mama?" Muryarsa a ƙasa, don kada matar tela ta ji.

Na ɗaga tawa don ta ji.

"Ginin bai motsa ba. Duniya ce take zagaya rana a karkace. Shi ya sa mafitar rana take matsawa arewa rabin shekara, ta tsaya, ta koma kudu a ɗaya rabin. Daga nan zafi da sanyi suke zuwa, da tsawon yini da gajartarsa."