'Yan Bencin Baya

Wayar ta Yaya ce, Auta aro take yi. Ranar nan Yaya na guga a tsakar ɗaki, ta cillo mata ita kan katifa.

"Ta cika, ko hoton jakunkunan da nake sayarwa ta ƙi ɗauka. Wannan mataccen guruf naku ne ya cinye wurin. Kafin in gama rigar nan ki share shi, ko ni in share."

'Yan Bencin Baya, haka sunan guruf ɗin. Su huɗu ne tun suna aji ɗaya a sakandare: Doguwa, 'Yar Tela, Monita da Auta. Su ukun su yi ta zuba, Auta ta yi ta karantawa tana dariya ita kaɗai. Doguwa kan ce, "Munafuka, muna ganin kin karanta."

Takalmi ne ya raba su. Na 'Yar Tela ya buɗe baki a hanyar makaranta, Doguwa ta ɗauki hotonsa ta zana masa haƙora. A cikin guruf har mai takalmin ta yi dariya. Sai Doguwa ta ɗora shi inda kowa zai gani, samarin ajin suka samu abin yi. 'Yar Tela kuwa ta rama da hoton takardar lissafin Doguwa, da ƙaton sifili a samanta. Daga nan zagi ya kai ga iyaye. Kowacce ta rubuta, "Auta, ke faɗi gaskiya, wa ya fara?" Auta ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Kafin ta sami abin faɗa duk sun fice, har Monita da ta gaji da rabon faɗa. Aka bar mata guruf ita kaɗai, aka gama makaranta ba mai kallon wata.

Yanzu ta kara wayar a kunne, ta kunna wani tsohon saƙon murya. Ranar da ruwa ya tsare su ne a barandar wani kanti. Ana jin ruwan a kan kwano, Monita na kwaikwayon tarin malamin tarihi, 'Yar Tela na cewa "ku bari, cikina," can ƙasa-ƙasa kuma ga dariyar Auta kanta.

"Saura hannu ɗaya," in ji Yaya.

Auta ta duba lambobin nan uku. Ta mayar da su duka cikin guruf, ta tura musu muryar, ta kife wayar a cinya kamar ta yi sata.

Monita ce ta fara. "Wa ya tono mana wannan? Wallahi a wurin aiki nake, kun sa ina dariya kamar sabuwar mahaukaciya."

Sai Doguwa. "Auta? Ashe kina da hannu."

Lambar 'Yar Tela ta jima tana rubutu. Sai saƙo ya shigo.

"Salama alaikum. Ni mai gyaran famfo ne, bara na sayi layin nan. Amma mai tarin nan ta iya."

Ya fita abinsa.

Yaya ta cire dutsen guga daga wuta, ta rataye rigar a bayan ƙofa, ta miƙo hannu.

"Yaya, don Allah, ɗan tsaya."

Doguwa ce ke rubutu. Ta tsaya, ta sake farawa.

"Ban ma san ta canza layi ba. Shagon babanta na nan?"

"Yana nan," Auta ta rubuta. "Ina wucewa ta gabansa, ina hango ta a kan keken ɗinki."

"Kina shiga?"

"A'a."

"Ni kaɗai ba zan iya ba. Za ki raka ni?"

Auta ta ɗago ta kalli Yaya, wadda har yanzu hannunta ke miƙe.

"Hotunana duka ki goge, na yarda. Wannan ki bar mini shi zuwa jibi."

Yaya ta yi tsaki ta karɓi wayar. "Sai ki tashi ki naɗe mini kayan nan."