Munafuka Ta Rage Ita Kaɗai

Na'urar da ke hannun Kensei ta fara ƙara tun kafin su tsallaka rafi. Ya tsaya yana ɓamɓare matsattsaku daga ƙwaurinsa.

"Budurwarka na kusa," in ji Kawu Seikichi, tsohon maharbin da ke biye da shi. "Gyara riga mana."

Kensei ya miƙe ya bi ƙarar. Shekara uku ke nan da hukumar gandun dajin tsibirin ta kama wata aladiya, aka ɗaura mata abin wuya mai nuna inda take, aka sake ta. Alade ba ya zaman kaɗaici. Duk garken da ta shiga, sai maharba su bi ƙarar na'urar su harbe su kaf, ita su bar ta. Munafuka suke kiranta. Kensei ne ke lallashinta da dankali in za a sauya batir, har ta san tarinsa.

Da safe, kafin su fito, Madam Tomari ta ofishin hukumar ta nuna masa taswira. Wata huɗu aladiyar tana zagaya dajin, daga gaɓar teku har kan dutse, ba ta sami kowa ba.

"Ka ga shaida," ta ce tana murmushi. "Aladu sun ƙare, ƙwan kunkurun da suke cinyewa ya huta. Saura ita."

A gindin wata bishiya suka same ta, ta rame, tana tonon laka. Tari ya suɓuce wa Kensei, sai ga ta da sassarfa tana gurnani ƙasa-ƙasa.

"Kawu, mu cire abin wuyan kawai. Ita kaɗai me za ta haifa?"

"Kai za ka gaya wa Madam? Hoton gawa take jira. In ba za ka iya ba, ango, miƙo bindigar."

Bai miƙa ba. Ya jefa mata dankalin da ke aljihunsa, ya jira ta sunkuya.

A ofis har an rataya ƙyalle: TSIBIRINMU YA TSARKAKA. Madam Tomari ta jujjuya abin wuyan, ta goge jinin da takarda.

"Madalla, bai fashe ba. Tsibirin gaba sun kama wata 'yar ƙaramar aladiya, amma ba ta yarda da kowa. Suna neman wanda ya iya da su."

Kensei ya dubi ƙofa. Nan dai ba alade, ba aiki, gonar raken ubansa kuwa ya rantse ba zai koma ba. Na'urar tana ta ƙara a aljihunsa.

"Jirgin ruwan ƙarfe nawa?" ya ce. "Kuma ku sa a sayo dankali."